Ba Siliki Ke Rubutu Ba, Malam: Martani Ga Mai Kuka Daga Sabha

Wani ɗan'uwanmu mazaunin Sabha, babban birnin Fezzan a kudancin Libiya, ya rubuta maƙala da ta zaga hannun jama'a a 'yan kwanakin nan. Abin da ya sosa masa rai hotuna ne da ya gani na rubutun hannun mutanen Japan: gajerun waƙoƙin fada na zamanin da, an ja su da buroshi a kan siliki mai ado, wani an yayyafa masa garin zinariya, wani an zana masa ciyayi da tsuntsaye a ƙarƙashin baƙaƙen. Ya ce da ya gama kallo sai ya waiwayo gida, ya nemi abin da zai jera kusa da wannan, ya rasa.

Ga hujjarsa, kuma zan kawo ta yadda shi kansa zai amince tasa ce. Ya ce rubutun da muka gada a tsangaya Larabci ne da ya lalace a hanya: baƙaƙe masu kauri, marasa awo, waɗanda ba su bi ƙa'idar nasahi ko sulusi da sauran Musulmi suka sani ba. Ya ce mu a allo muke rubutu mu wanke, su kuwa a siliki suke yi su adana. Ya ce fadojinmu ba su bar mana waƙa a rubuce ba, kwafar littattafan addini kawai aka yi ta yi. Har ya ba da labarin yadda 'yan ci-ranin Nijar da Najeriya a unguwar Gurda kan buɗe Alƙur'anin da suka taho da shi daga gida, maƙwabcinsu Balarabe ya leƙa ya kasa karantawa a guje, shi kuma kunya ta rufe shi. Maganin da ya kawo shi ne a haƙura da wannan rubutu, a koya wa yara bugun Madina da rubutun kwamfuta, in ya so mai sha'awar fasaha ya tafi ya koyo ta wajen Turkawa ko Japanawa.

Ban ga raini a zuciyar Malam ba. Kishi ne ya yi masa yawa, kuma wanda bai damu da gida ba ba ya irin wannan kuka. Rubutun Japan ɗin kuwa yana da kyau, babu mai jayayya. Abin da ya ɗaure min kai shi ne inda ya zauna yake wannan magana. Duk faɗin duniya a rasa garin da za a ce rubutunmu ba shi da daraja sai Sabha?

Malam, ƙasar da kake takawa kullum hanyar littafi ce. A 1822 Turawan Birtaniya uku, Denham da Clapperton da Oudney, suka taso daga Tarabulus, suka ratsa ta Sabha, suka yada zango a Murzuk kafin su gangara Borno ta Bilma. Littafin tafiyarsu ya fito a 1826, kuma a cikinsa an ba da labarin cewa Alƙur'anan da marubutan Borno ke rubutawa da hannu ana kai su Arewacin Afirka da Masar, a sayar da kowane ɗaya dala arba'in zuwa hamsin ta azurfa. Masar fa, inda Azhar take, inda masu alƙalami suka fi a ƙirga. Me zai sa mutumin Alƙahira ko Tarabulus ya kwance lalitarsa ya zuba azurfa arba'in don Larabcin da ya lalace? Ko su ma ba su san rubutu ba ne, sai da hotunan Japan suka iso cikin waya? Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ba a san shi da yi wa Borno kara ba, ya yabi mutanenta a Infaƙul Maisuri kan karatun Alƙur'ani da haddarsa da rubuta shi. Abokin gardamarsa, Shehu Laminu na Kukawa, wanda suka yi ta musayar zafafan wasiƙu, a Murzuk ɗin nan aka haife shi. Kafin su duka, tun ƙarni na 13, ikon sarakunan Kanem ya kai Fezzan, wakilinsu yana zaune a Taragin. Fezzan da tafkin Chadi sun daɗe suna karanta hannun juna.

Raƙuman da ke hawa da littafi, da takarda suke saukowa. Ɗauki warƙar tsohon littafi na Kano ko Sakkwato ka ɗaga ta a rana, sau da yawa za ka ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar. Tambarin masana'antun Italiya ne, irin na gidan Galvani da ke Pordenone kusa da Venis. Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya tarar da irin wannan takarda a kasuwar Kano a 1851, bayan ya biyo ta Murzuk da Gat da Agadas. Wato takarda ta ƙetare teku, ta ƙetare Sahara wata da watanni a bayan raƙumi, a cika ta da tawada a ƙasar baƙar fata, sannan ta sake hawa raƙumi ta koma arewa da tsadar da ta ninka. Ɗanyen kaya ya shigo, gyararre ya fita. Yau da gwamnoninmu za su samu sana'a ɗaya tak mai wannan siffa, da ba mu huta da taron ƙaddamarwa ba.

To, mu zo kan maganar lalacewa. Awon da Malam ke nufi, na gwada tsawon alifi da ɗigon alƙalami, ana danganta shi ga Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a 940. Ƙasashen gabas suka bi shi, daga baya Turkawa suka kai abin ƙololuwa. Magariba da Andalus kuwa ba su bi ba. Tasu hanya suka riƙe, mai tushe a tsohon rubutun Kufi, kuma a jikin wannan reshe namu ya tsiro. Shi ya sa ɗigon fa a wajenmu yake ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama, kamar yadda yake a tsofaffin littattafan Fas da Ƙairawan. Masana sun yi gardama kan inda Barnawi, wato rubutun Borno, ya samo kamarsa. Bivar, wanda ya bayyana wa duniya wani Alƙur'anin Borno mai tarihin 1669, yana ganin tsatson wani tsohon rubutun Ifriƙiya ne da ya ɓace a gidansu ya rayu a nan. Andrea Brigaglia da Mauro Nobili sun sake duba maganar, suka yi masa ja a wasu wurare. Amma duk gardamarsu a kan asalin salo ce. Babu ɗayansu da ya ce kuskuren hannu ne.

Maƙwabcin da ya kasa karantawa a guje kuwa, da bugun zamani ya tashi, idonsa bai saba ba. Ƙari kuma shi Ƙalun yake karantawa, mu Warshu, duk da cewa ruwayoyin biyu daga Imamu Nafi'u na Madina suka fito. Rashin sabo ne, kuma rashin sabon maƙwabci bai taɓa zama ma'aunin fasaha ba.

Abin dariyar ma, shaidar da Malam ya kira kotu ita ce ta fi kowa kayar da shi. Japanawa ba su ƙirƙiri rubutu ba. Aro suka yi daga Sin, kamar yadda muka aro daga Larabawa. Suka yi ta jan baƙaƙen Sin da sauri, suna rage musu gaɓoɓi, har suka zama kana, rubutun da ke ɗaukar sautin harshensu. A fadar Heian, wato Kyoto ta yau, manyan ma'aikata da Sinanci suke rubuta harkar mulki, kana kuwa ana yi masa kallon na mata da wasiƙun soyayya. Har Ki no Tsurayuki, da zai rubuta labarin dawowarsa daga lardin Tosa wajen 935 da wannan rubutu, sai ya yi magana da bakin mace. Amma da shi ɗin aka tattara Kokinshu wajen 905 bisa umarnin Sarki Daigo, waƙoƙi sama da 1,000, kusan dukkansu masu gaɓa 31. Da shi Murasaki Shikibu ta rubuta labarin Genji. A ce a lokacin an samu wani mai kishi a Kyoto ya tashi ya ce wannan Sinanci ne da ya lalace a hanya, a watsar da shi a koma hannun babban birnin Sin. Da wane hoto ne zai burge Malam yau? Abin da ya tafa wa a Kyoto, shi ya zo Kano yana kushewa.

Wai ba mu da ƙa'ida. Ina roƙon Malam, in ya zo gida hutu, ya samu alaramman da ke rubuta Alƙur'ani ya zauna gefensa yini ɗaya. Zai ga mutumin ba ya kallon kwafi. Izu sittin daga ka suke saukowa, domin a tsangaya ba a cika alaramma sai an rubuta. Zai ga yadda ake feƙe alƙalamin gamba, kowane aiki da irin bakinsa. Zai ga tawadar allo daban, ta gawayi da ƙaro wadda ruwa ke ɗaukewa, ta takarda kuma daban, ta bagaruwa da ƙarfe wadda ke kama jikin takarda ta shekara ɗaruruwa. Baƙi ake fara shimfiɗawa shafi bayan shafi. Sai a dawo da ja a yi wasali. Sai ɗigon rawaya na hamza, da kore na alifin da ake sadarwa. Sai alamar ƙarshen aya, da ta aya biyar, da ta aya goma, kowace da siffarta. A gefen shafi ga da'irar sumuni da rubu'i da nusufi da izu, ga ta sujada, kuma da wuya ka ga biyu sun zo iri ɗaya ko da a littafi guda. Inda aka raba littafin kashi huɗu, nan mai zayyana ke sakin hannu ya cika fili da saƙa mai kama da ta tabarma ko ta bangon soro, ja da rawaya da baƙi suna shiga juna. Bayan duk wannan sai gwanaye su zauna su bi shi baƙi-baƙi, ɗigo ɗaya in ya kauce a kama shi. Warƙoƙin ba a ɗinke su, sai dai a rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a gindin wanda ya gabace shi, a haɗa su cikin tadarishi, a zura a gafaka ta jar fata. In wannan ba ƙa'ida ba ce, mece ce ƙa'ida?

Kaurin baƙin ma ni ban ɗauke shi aibi ba. Duk wanda ya yi karatun dare a gefen wutar kara ya san amfanin baƙin da ke tsayawa da ƙafarsa a cikin duhu-duhu. Siririn zaren buroshin Kyoto an yi shi ne don 'yar fada da za ta riƙe takarda kusa da fuska a bayan labule. Namu an yi shi don da'irar almajirai, don tsoho mai raunin ido, don littafin da zai yi tafiya a bayan jaki. Kowane hannu da irin zaman da ya haife shi.

Zancen allo ba zan daɗe a kansa ba. Wurin koyo ne, kuma yaron Japan ma yana ɓata takardun gwaji ya zubar kafin a rataye nasa. Yaran Libiya kansu har gobe a allo suke hadda. Malam ya tambayi duk wanda ya yi karatu a zawiyar Asmariyya ta Zilitan. Kuma akwai allon da ba a wankewa. Wa ya taɓa ganin an kai allon zayyana bakin rijiya bayan walimar sauka? Rataye shi ake yi a ɗaki, uwa tana nuna wa baƙi.

Sai siliki, wanda shi ne ya fi ɗaukar idon Malam. Da farko dai, yawancin manyan ayyukan da Japan ke taƙama da su a takarda suke. Kundin waƙoƙin mawaƙa 36 da ke haikalin Nishi Honganji, wanda aka yi wajen 1112, takarda ce aka rina, aka yayyaga, aka haɗa launi da launi. Dogon naɗin da Koetsu ya rubuta waƙoƙi a kan tsuntsayen zinariya da azurfa na Sotatsu a farkon ƙarni na 17, shi ma takarda ne. Akwai na siliki, gaskiya ne, amma hannu ne ya ba silikin daraja. Mummunan rubutu in an shimfiɗa shi a siliki, asarar siliki kawai aka yi.

Sannan wa ya ce ba mu da siliki? Ta wannan hanya taku ta Fezzan alharini ke sauka Kano, kayan raƙuma ɗaruruwa a shekara kamar yadda Barth ya ƙiyasta, Larabawan Gadamus da Tarabulus mazauna Dandalin Turawa suna dillancinsa. Ga kuma tsamiya tamu ta gida, wadda ake samu daga saƙar tsutsa a jikin itace. Sai dai mu ba a bango muka rataye shi ba, a ƙirji muka sa. Kafin allura ta taɓa babbar riga, wani ne ke zama da alƙalami da tawada ya zana aska takwas ko aska biyu da tambari a jikin ƙyallen, kuma sau da yawa wannan mai zanen almajiri ne da hannunsa ya faɗa a zayyanar allo. Ka jera wuyan tsohuwar rigar saƙi da shafin zayyana na Alƙur'ani, za ka ga 'yan uwa ne. Har rigar yaƙi an yi, wadda aka cika da ayoyi da hatimi daga wuya zuwa gindi. Alƙalami da ƙyalle sun daɗe da sanin juna a ƙasar Hausa.

Maganar cewa babu waƙar fada a rubuce ta fi kowacce ba ni mamaki daga bakin mai karatu. Tun ƙarni na 17 Ɗan Marina na Katsina ya yi wa Mai Ali na Borno waƙa kan nasararsa a kan Kwararrafa. Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi na Gwandu da Muhammadu Bello duk mawaƙa ne, kuma Abdullahi ya tara nasa a Tazyinul Waraƙati. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙa da Fulatanci da Hausa da Larabci, jajinta suna ɗaukar waƙoƙin suna kai wa matan ƙauye ta hanyar 'yan taru. In Malam yana neman 'yar gidan sarauta mai alƙalami, ba sai ya je Kyoto ba. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya hau a 1903 har Turawa suka tuɓe shi suka kai shi Lokoja, sarki ne kuma mawaƙi, da ajami ya bar Tabarƙoƙo da sauran waƙoƙinsa. Ga Imfiraji ta Aliyu Namangi. Ga Ishiriniya ta Alfazazi, wadda Andalus ta haifa amma Kano ta goya, marubuta suna ware baitin asali da launi dabam da na tahamisi domin ido ya rarrabe. Cewa waƙoƙin nan yawancinsu na addini ne bai cire su daga waƙa ba. Fadar Heian ta damu da furen bazara da rabuwar masoya, fadar Sakkwato ta damu da lahira da adalcin mai mulki. Kowa da abin da ke hana shi barci.

Wuri ɗaya ne zan ba Malam gaskiya a nan, kuma ba ƙarama ba ce. Ba mu saba ɗaukar baiti ɗaya mu ba shi shafi guda shi kaɗai, mu bar masa fili ya sha iska, mu rataye don kallo ba. Marubucin Japan yakan warwatsa layukan waƙa, wannan ya fara daga sama, wancan daga tsaka, farin da ya rage ma yana cikin aikin. Mu takarda ta yi mana tsada da yawa da za mu bar mata fari, kuma waƙa a wajenmu ta kunne ce, takarda mai riƙe mata amana ce kawai kafin a rera. Wannan giɓi ne da za a iya cikewa gobe, da hannun da muke da shi. Amma Malam bai ce a cike ba. Cewa ya yi a yanke hannun.

Wai inji ya riga ya gama da rubutun hannu. Bugun Madinan da yake so a koma, wa ya gaya masa inji ne ya rubuta? Hannun Usman Taha ne, mutumin Siriya, ya zauna ya rubuta shi shafi-shafi, Cibiyar Sarki Fahad ta ɗauki hotonsa tana bugawa tun tsakiyar shekarun 1980. Kano ma abin da ta yi ke nan, kuma ta riga. Tun wajen shekarun 1950, da injin ɗaukar hoton shafi ya samu, 'yan kasuwar littattafai suka gane mutanenmu sun fi son baƙin da suka saba, sai suka riƙa ba marubuta aiki ana bugawa. Da haka hannun marigayi Sharu Bala na Gabari ya shiga gidajen da bai taɓa takawa ba, daga kasuwar Kurmi har ƙasashen maƙwabta. Da haka ƙasidun malaman Tijjaniyya da Ƙadiriyya suka cika kasuwa. A shekarun 1980 kamfanin Triumph na Kano ya fitar da jaridar Alfijir da ajami. Kwamfutar ma da ake tsorata mu da ita, masu tsara baƙaƙe na ƙungiyar SIL sun zauna sun kwaikwayi hannun Kano suka fitar da salon da suka sa wa suna Alkalami, kowa na iya sauke shi kyauta. Baƙi na nesa suna wahalar shigar da rubutunmu cikin inji, ɗan gida yana cewa a fitar da shi saboda inji.

Bambancin gaskiya tsakaninmu da Japan a riƙo yake. Su suna da iyalai da suka gaji aikin tantance hannun magabata tun ƙarni na 17, har guntun shafi ma a san wa ake danganta shi. Yaro daga aji uku na firamare yake riƙe buroshi a makarantar gwamnati. Duk watan Janairu ana zaman rera waƙa a fadar sarkinsu, talaka ma yana aika tasa. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1946, tawagar masana ilimi daga Amurka ta ba su shawarar komawa baƙaƙen Rumawa, suka saurara, suka ci gaba da nasu. Mu kuwa ba a nemi shawararmu ba. Hanns Vischer, Ɗan Hausa, wanda shi ma ya ratso Fezzan daga Tarabulus zuwa Borno a 1906, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, gwamnatin mulkin mallaka ta tsayar da boko a matsayin rubutun ofis da makaranta. Daga ranar aka wayi gari mutumin da ya rubuta izu sittin da ka ana lissafa shi cikin waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba. Har yau takardun cike-cike ba su gama tuba daga wannan ba. A 2007 aka cire ajami daga ƙananan takardun naira, a 2014 aka cire daga naira ɗari. Rubutun da aka kora daga ofis da aji da aljihu, ya rayu shekara ɗari da ƙarfin talaka kaɗai, shi ne ake tuhuma da rashin ƙarfi?

Ni matsayina a fili yake. Rubutun Barnawi da na Kano fasaha ce cikakkiya, mai asali, mai ƙa'ida, mai gwanaye, kuma ba ta jiran Istanbul ko Kyoto su sa mata hannu. A koyi nasahi, a koyi kwamfuta, babu wanda ya hana. Yaro na iya riƙe hannu biyu kamar yadda yake riƙe harshe biyu. Abin da ya rage mana aiki ne na masu kuɗi da masu mulki da jami'o'i. Tun 1986 Jami'ar Usmanu Danfodiyo ke shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, murya ta samu gata, ana ba da mota da kujerar Makka. Hannu ma ya cancanci irin wannan. Attajirin da ke sayo labulen bango daga Dubai zai iya kiran alaramma ya rubuta masa baitin Asma'u ko na Ɗan Sidi a takarda mai kyau, ko a farin saƙi, ko a silikin ma in shi ne muradi, ya biya shi kuɗin gwani, ya bar shi ya sa sunansa a ƙasa. Littattafan da ke Arewa House a Kaduna, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da waɗanda ke cikin adaka a zaurukan malamai gara na zagaye su, suna buƙatar mai ɗaukar hoto da mai rubuta sunan wanda ya kwafa. Takardun Malam Umaru Falke, bafataken Kano da ya rasu a 1962, sama da 3,000, suna Jami'ar Northwestern a Amurka a jere da lamba. Can an san darajarsu.

Akwai kuma labarin Japan da hotunan ba su gaya wa Malam ba. A 1900 hukumar iliminsu ta tsayar da siffa ɗaya ga kowane sautin kana, aka daina koya wa yara sauran siffofin da magabata ke amfani da su. Sakamakon shi ne yau yawancin Japanawa, har da masu digiri, ba sa iya karanta waƙar da ke kan silikin nan. Kallo suke yi kamar yadda Malam ya kalla. Sai da masu bincike a Tokyo suka ƙera manhajar waya, wadda suka fitar a 2021, domin mutum ya haska wasiƙar kakan kakansa a fassara masa baƙaƙen. Mu ba mu kai nan ba tukuna. Gardin tsangaya daga Haɗeja ko Damagaram, in ka miƙa masa hoton Alƙur'anin nan na 1669, zai bi layin da yatsa ya karanta maka ba tare da manhaja ba. Shawarar Malam, in aka bi ta, jikokin wannan gardi ne za su fara neman manhajar, kuma babu wata hukuma a Abuja ko Yamai da ta ware kuɗin ƙera musu ita.